Fim ɗin da 'ya'yana ke tafa wa ya sa ƙanwata kuka

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ce Hajara mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake, daga unguwar Maamobi. Na ji masu sauraro suna ta yabon fim ɗin nan na maharan Turawan dā, masu zuwa da jiragen ruwa da gatura. Ni ma a da ina jin daɗinsa, 'ya'yana samari biyu har askin jaruman suka yi.

Watan jiya ƙanwata Rabi ta dawo wurina daga ƙauyensu kusa da Maraɗi, bayan 'yan bindiga sun kashe mijinta. Ranar Lahadi muna tsintar wake a falo, yaran suka kunna fim ɗin. Aka nuno maharan sun faɗa wa wani ƙauye, suna cinna wa rumbuna wuta. Yarana suka miƙe suna tafi, suna ce wa juna: "Chale, waɗannan su ne maza!"

Tire ya suɓuce daga hannun Rabi. Ta ce, "Yaya, haka suka shigo mana. Matar can mai gudu da goyo, me ya same ta?"

Babban ɗana ya ce, "Anti, ai ba a sake nuna ta."

Ta ce, "Mu ma ba wanda ya sake tambayarmu."

Tun ranar ba ta zama a falo, abinci ma sai na lallashe ta. Yaran sun yi nadama, amma sun rasa abin ce mata. Jama'a, ku ba ni shawara, yaya zan yi ƙanwata ta dawo cikinmu? Ina gaida matan unguwar Nima, da duk wanda aka raba da gidansa.