Farar Shadda Ta Kusa Hana Ni Alhudahuda

Assalamu alaikum, mai gabatarwa. Sani direba ne daga Doha.

'Yata Hauwa ta ji labarin alhudahuda a Islamiyya, ta ce sai na turo mata hotonsa, na kuwa yi alkawari. Kafil ɗina, wato uban gidana, ya ara mini motarsa mai ɗaki da gado, muka nufi gandun tsuntsaye na cikin sahara, ni da abokina Awudu, maigadi ɗan Kumasi.

Daga sallar Juma'a muka wuce, farar shaddarmu sai walƙiya take. Duk tsuntsun da ya hango mu sai ya tashi. Awudu ya gaji, ya ce, "Khalas, ya isa haka, Sani, mu koma gida."

Na ce wallahi ba inda za mu! Muka tuɓe shaddar, muka saka kayan gadin Awudu masu ruwan ƙasa da ya zo da su, muka ajiye ruwa a faranti, muka lafe cikin mota. Bayan la'asar sai ga alhudahuda ya sauka, har da buɗe tukku. Nan take na ɗauki hotonsa.

Masu zuwa kallon tsuntsaye, ku bar kwalliya a gida. A gaida min Hauwa, a ce mata babanta ya cika alkawari.