Wasan da Na Ce Masa "Ba Laifi"

Salamu alaikum, Malam mai karanta wasiƙu. Ni matar aure ce a Unguwar Dosa.

Bara maigidana ya kai ni kallon wasan kwaikwayo, inda saurayi da budurwa suke rawa riƙe da gyale ɗaya, hannu bai taɓa hannu ba. Jarida ta ce rawa ta yi yawa, labari babu. Ni kuwa har da hawaye. Da ya tambaye ni yaya na gani, kunya ta sa na ce, "Ba laifi."

Wata bakwai ke nan da aka mayar da shi Sakkwato aiki. Ko tuwo nake tuƙawa, waƙar nake rerawa.

Don Allah ku gaishe shi. Ba zan faɗi sunansa ba, ya san kansa. Ku ce masa wasan ya yi mini daɗi ƙwarai.