Inna Mai Auna Salatif

Ni dai kunnena ba ya azumi, shi ya sa na ji su a layin gidan waya na birnin Plovdiv.

"Inna, da gaske har salatif kike aunawa?" in ji wani mai gemu, yana leƙen jakar wata tsohuwa da ke gabansa.

"Har zaren ɗauri, ɗana. Duk safar ulun da na aika Jamus sai na faɗi nauyin kwalinta, wai sharata ce a ƙasarsu. In na ƙi, a rufe min shagona na intanet."

"Ikon Allah. Ƙasa guda ta san sharar mutum ɗaya. Nawa ta kai bana?"

"Kilo biyu cif."

Takardun shaidar nauyin sharar nan tsohuwar ta zo aikawa Jamus. Ma'aikaciya ta ɗora su a sikeli, kilo uku.