Ɗakin da na kama wa Inna a bakin teku

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Sunana Sabi'u, manomi ne ni daga Bakori.

Bana da muka gama kai masara gida, na kai mahaifiyata Badagiri ta ga teku, don ta daɗe tana cewa ba ta yarda akwai ruwan da ba a hango ƙarshensa ba. Ni da son burgewa, na kama mana masaukin da ke dab da ruwa.

Malam, ashe kuskure na yi. Rurin teku sak ƙarar ruwan sama mai tahowa, ita kuwa Inna rayuwarta duk a kan shanyar masara da barkono ta yi ta. Da ta kishingiɗa sai ta zabura tana cewa, "Sabi'u, ku kwashe shanya!" Ta kasa runtsawa, har hawan jininta ya tashi.

Wata Bayarabiya mai sharar ɗakunan ce ta lura. Ba ta jin Hausa, amma ta kama hannun Inna, ta kai mu masaukin yayarta can cikin gari, kusa da masallaci, inda ba a jin ƙarar. Inna ta yi barci har da minshari. Kullum da hantsi sai mu taka mu je ta kalli tekunta.

Jama'a, kafin ku kama wa tsoho ɗaki, ku tsaya ku saurari wurin tukuna. Baiwar Allah nan kuwa, ko sunanta ban tambaya ba. Duk Bahaushen Badagiri da ya gane ta, don Allah ya fassara mata: Inna tana sa ta a addu'a.