Ruwan Alwalar da Aka Ba Ni a Haiti

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki.

Ni tsohon ɗan sanda ne, daga unguwar Koki. Jiya na ji kuna labarin wahalar mutanen Haiti, sai idona ya cika da ƙwalla, domin na yi aiki a can bayan girgizar ƙasa.

Kusa da inda nake gadi akwai wata tsohuwa Kirista da gini ya danne 'ya'yanta biyu. A tanti take kwana, amma kullum da safe sai ta share ƙofarsa tana waƙar coci.

Ruwa ya yi wuya ƙwarai. Wata rana da azahar na yi taimama. Da ta ga ina shafa ƙasa a fuska, sai ta ɗauka rasuwa aka yi mini, ta zo tana ba ni haƙuri. Wani tafinta da ke aiki da mu ya gaya mata salla zan yi, ruwa ne babu.

Malam, washegari sai ga ta da rabin ruwan da ta sha layi ta samo. Na ƙi karɓa. Ta ce, "Karɓi, ɗana. In ka tsaya gaban Allah, ka tuna da ni." Sai na karɓa na yi alwala.

Bana damina ta rushe mana ɗaki biyu, har na fara ƙorafi. Da na tuna ta, sai na tashi na ɗauki tsintsiya.

Jama'a, ku taya ni yi mata addu'a. Ko sunanta ban tambaya ba, Mama kawai nake ce mata.