Zanen Zumunta a Bayan Wilson

Shugaban wannan taro, Baba Dzarma, Rabaran James, mai kiwon wannan garke, dattawan ikkilisiya, iyayena da ƙannena 'yan Zumuntar Mata, matasanmu da ke tsaye a ƙofa suna lalube mu kowace Lahadi domin mu yi sujada hankali kwance, jama'ar Allah ta nan Bulumkutu, da 'yan'uwanmu da gudun hijira ya kawo mana: salamar Ubangiji ta kasance tare da ku.

Ina godiya da aka ba shugabar mata dama ta ce wani abu a taron da aka kira kan sauyin zamani da shayarwa. Ina ƙara godiya da aka kira ni bayan maza sun gama bayyana yadda ake shayar da jariri. Na ƙaru ƙwarai. 'Ya'yan da na shayar duk sun yi aure, amma sai yau na san ashe ban iya ba.

Magana ta farko. Baba Dzarma ya karanto mana daga wayarsa cewa a ƙasashen Turawa mutum kan kwana namiji ya tashi mace. Ni ko Abuja ban taɓa wucewa ba, saboda haka na bar wa masu waya wannan. Abin da ya tayar da ni tsaye shi ne da Baba ya ce abin ya iso Maiduguri, ya shigo cocin nan, har ya sami wuri a bencin baya. Mu daina kewaye-kewaye, Wilson ɗan gudun hijirar nan ake nufi. Dattawa sun kawo shawara a karɓi 'yarsa Hyeladzira a kai ta gidan marayu, wai don namiji ne yana goyo, da zanen Zumuntar Mata, kuma yana zama cikin masu jego. Yau za a ɗaga hannu a kan haka.

To, zanen nan namu ne, ban musa ba. Na matarsa ne. Ranar da masu bindiga suka shiga ƙauyensu, da shi ta goya yarinyar ta shiga daji, a dajin kuma ta cika. Wilson ya kwance 'yar daga bayan uwarta ya ɗaura a nasa, domin mai gudu yana bukatar hannuwansa biyu. Na tambaye shi, na ce, "Ɗana, in ba ka wani zane mana?" Ya ce, "Mama, na gwada. In ba wannan ba, ba ta barci." Ni dai a matsayina na shugaba, ban ga laifi ba. Ƙullinsa ma ya fi na wasu mambobina kyau, kuma bai taɓa makara ba, abin da ba zan faɗa a kan mataimakiyata ba.

Magana ta biyu, shayarwa. Iyayenmu maza, ku taimake mu ku tsaya wuri ɗaya. In mun shayar a cikin coci, a ce mun hana maza jin wa'azi, ko da yake ban san me ya kai idon mai jin wa'azi bencin baya ba. In mun ba da madarar gwangwani, a ce mun bi Turawa. Baba Dzarma ya ce a zamaninsu yaro kan sha nono har ya ƙoshi. Gaskiya ne, mahaifiyata shaida ce, domin ta ce Baba yana cin gyaɗa da haƙoransa bai yarda an yaye shi ba.

Me Wilson yake yi a bencin baya? Layi yake bi. Ranar Lahadi masu jegon nan su ke karɓar Hyeladzira bi da bi su ba ta nono. Sauran ranakun mako kuwa, maƙwabciyarsa Ya Fanna, Babarbariya, Musulma, ita ke ba ta. Ta ce masa, "Baban yarinya, tun da ta sha nonona ta zama ƙanwar ɗana, ba aure tsakaninsu har abada. Ba ku kaɗai ke da ita ba." Ku ji fa. Yarinyar da ake kira marainiya ta fi kowa a ɗakin nan yawan uwaye, kuma ubanta yana da rai.

Ina jin tsoron zamani kamar yadda kuke ji. Amma abin da ya fi ba ni tsoro, kuma ya ɓata mini rai, shi ne mu raba ɗa da mahaifi da sunan gyara, alhali masu bindiga ma ba su iya raba su ba.

Saboda haka ga roƙon Zumuntar Mata, ya shugaba. Kada a ɗaga hannu daga zaune. Ga Wilson can, ga yarinyar tana barci a bayansa. Duk wanda ya ga ya dace a kai ta gidan marayu, ya tashi a gaban jama'a, ya taka zuwa bencin baya, ya kwance goyon nan da hannunsa. Za mu matsa masa hanya.

Ba na sauri, Baba. Zan jira.

To, tun da kowa ya ga takalminsa ya ishe shi kallo, bari in yi addu'a. Allah ya dawo da salama a Borno. Allah ya mayar da masu gudun hijira gonakinsu. Allah ya tsare matasanmu na ƙofa, ya ƙara wa dattawanmu hikima, ya ƙara wa masu jego ruwan nono. Allah ya raya Hyeladzira a bayan ubanta, har ranar da za ta sauka da ƙafafunta. Cikin sunan Yesu, amin.

Na gode.