Baba Ya Sayi Ƙaramar Kwamfuta

Baba: Alo? Alo? Salamu alaikum. Auta, ke ce?

Auta: Wa alaikumus salam. Ni ce, Baba. Ina wuni?

Baba: Lafiya lau. Kin wuni lafiya? Ya aiki?

Auta: Alhamdu lillahi. Ya gida? Ya ƙafar?

Baba: Ƙafa da sauƙi. Ya maigidan naki? Ya tarin yarinyar?

Auta: Tari ya tafi, sai rigima. Jiya ma sai da ta yi kuka wai a kai ta wurin Kaka.

Baba: Allah sarki. Ki ce ina gaishe ta. Ba dai na katse miki aiki ba?

Auta: A'a, bari dai in fita daga ofis ɗin, mutane sun yi yawa. Yauwa, ga ni a bakin matakala. Ka sha maganin?

Baba: Na sha me?

Auta: Magani! Na hawan jini!

Baba: Na sha, na sha. Ke da yayanki kun mai da ni jinjiri. Shi ya kira da safe, ka sha magani. Ke kuma ko gaisuwa ba mu gama ba, ka sha magani.

Auta: To ai sai ka yi haƙuri da mu, kai kaɗai ka rage mana.

Baba: Haka ne. Allah ya jiƙan mamanku.

Auta: Amin, Baba.

Baba: Dama a kanta na kira ki. Ɗan ƙaramin abu ne, na san ke minti ɗaya za ki gyara. Wurin nan da kika sa min a waya, inda nake shiga in ga hotunanta, in saurari muryarta, tun jiya ya ƙi buɗewa. Sai wani ɗan zobe ya yi ta juyawa, ya yi ta juyawa.

Auta: Ayya. Shi ya sa na ji muryarka wani iri.

Baba: Kin san ni, in na yi sallar asuba na zauna da shayina, sai na kunna wanda take kicin ɗin nan, tana ihu a zo a rufe famfo ruwa zai cinye gida, tana kuma dariya. Yau haka na sha shayin shiru. Bai shiga ba.

Auta: Kada ka damu, kwamfutar gida ce ta sake mutuwa. Je ka ɗakin ɗinkin Mama, ka duba bayan keken, ka ga ko shuɗiyar fitilar tana ci. In ba ta ci, ka danna babban maɓallin.

Baba: Hehehe!

Auta: Dariyar me kake yi?

Baba: Ai shi ne abu na biyu, mai daɗin. So na yi sai kin zo ki gani da idonki, amma bakina ya kasa riƙewa. Auta, babanki ya sayi sabuwar kwamfuta!

Auta: Ka sayi me? Layin yana yankewa.

Baba: Kwamfuta! Sabuwa dal! 'Yar ƙarama, wallahi tafin hannuna ya kusa rufe ta. Irinta na gani a kantin magani, a maƙale bayan allon mai karɓar kuɗi, na ce masa ina sauran jikinta? Ya ce ita ke nan gaba ɗaya. Na ce ikon Allah! Ya kwatanta min shagon, na je da ƙafata.

Auta: Kai Baba! Kai kaɗai?

Baba: Ni kaɗai. Na yi wa mai shagon tambayoyi kuwa kamar wani masani. Na ce tana zafi? Ya ce a'a. Tana jan wuta? Ya ce bai kai ƙwan fitila ba. Za ta iya kwana ta wuni a kunne? Ya ce don haka aka yi ta. Ga ta nan kusa da talabijin, sai kin kai kunne za ki san tana aiki. Waccan kuwa kin san yadda take gurnani kamar injin niƙa, ɗakin ya ɗau zafi, zaren mamanku duk ya yi ƙura.

Auta: Ma sha Allah, ka kyauta. Dama ina da niyyar canza ta. To yanzu mayar da tsohuwar ka kunna, in na zo ƙarshen mako sai in kwashe kayan in zuba a sabuwar.

Baba: Wace tsohuwar?

Auta: Tsohuwar kwamfutar mana.

Baba: Ai tana shago. Musaya muka yi, ya karɓe ta ya rage min.

Auta: Baba.

Baba: Na'am?

Auta: Ka ce tana ina?

Baba: Shago. Alo? Kina ji na? Ko layin ne?

Auta: Ina jin ka. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Baba: Subhanallahi, me ya faru? Faɗuwa kika yi?

Auta: Baba, kayan Mama a cikinta suke. Hotunan, bidiyon, muryoyin, duka.

Baba: A'a, a'a, kwantar da hankalinki. Suna wayata. Ai kullum a nan nake gani.

Auta: Ba sa wayarka. Wayarka taga ce kawai, leƙawa take yi. Kayan suna cikin kwamfutar.

Baba: Haba Auta. Lokacin da aka kwantar da ni asibiti fa? Kwamfuta tana gida, ni ina kan gado, ina sauraron mamanku har ma'aikaciyar jinya ta tambaye ni wace ce. A gidan yayanki ma haka.

Auta: Aikinta ke nan, Baba. Tana zaune a gida tana miƙo maka duk inda kake. Shi ya sa na ce kada a taɓa kashe ta.

Baba: Ni na ɗauka don kada ta huce ta ƙi tashi ne, irin na tsohuwar mota.

Auta: Ya Allah. To, to, ba komai. Ba ni lambar mai shagon yanzun nan. Ko ka hau tasi ka koma, ka ce kada ya taɓa ta, kada ya sayar, kada ya kunna ma. Akwai faifan ajiya biyu a cikinta, ɗaya na kayan, ɗaya kwafinsu. Su kaɗai nake so, ya riƙe sauran.

Baba: Wasu ƙarafa masu nauyi, kamar ƙaramin littafi?

Auta: Su! Su ne!

Baba: To ai suna nan. Ya ciro ya ba ni a leda. Ga su a kan teburin cin abinci.

Auta: Suna wurinka? Alhamdu lillahi! Wayyo Baba, ka kusa kashe ni! Bari in zauna. Alhamdu lillahi. Kada ka jijjiga su, kada su faɗi, ka sa su cikin durowar Mama a tsakanin zannuwa.

Baba: Auta.

Auta: Shi ke nan, komai yana nan. Wallahi Allah ya yi wa mai shagon nan albarka.

Baba: Auta, tsaya. Hujin ba zai hana ba?

Auta: Wane huji?

Baba: Wanda aka yi musu.

Auta: Ban gane ba. Ƙara faɗa, wata mota ta wuce.

Baba: Na sa ya huda su. Da injin huda ƙarfe. Kowanne ya ratsa shi har ƙasa, ba wuri ɗaya ba.

Auta: Ka sa ya...

Baba: Ke kika gaya min! Lokacin da maƙwabcinmu ya sayar da wayarsa aka yi ta yawo da hotunan iyalinsa, ba ke kika zaunar da ni kika ce kada in taɓa rabuwa da na'ura da kayanmu a ciki ba? Kika ce gogewa ma ba ta isa ba, masu wayo suna dawo da su. Na riƙe maganarki.

Auta: Na faɗa. Ni na faɗa.

Baba: Shi bawan Allah har ya ce, Baba, ko in juye maka abin da ke ciki a sabuwar tukuna? Na ce a'a. Ya sake tambaya, injin yana hannunsa. Na ce ina da su a waya. Ni fa tunanina, in ya juye sai ya gani. Mamanku a gida ba mayafi, mamanku a gadon asibiti ta rame. Ta yaya zan bar wani ƙato ya zauna yana kallonta? Tana da rai ba ta yarda ba, sai don ta mutu?

Auta: Me ya sa ba ka kira ni ba? Me ya sa, Baba? Kira ɗaya! Aikina ke nan, kullum kwamfutocin mutanen da ban sani ba nake ceto, amma ta gidanmu...

Baba: Kada ki yi min ihu.

Auta: Yi haƙuri. Yi haƙuri, Baba.

Baba: So na yi in yi abu ɗaya da kaina. Tun da ta rasu komai ku kuke yi min. Ku biya wuta, ku kawo cefane, ku kai ni asibiti. Tsohuwar kwamfutar nan in ta mutu ki baro aikinki da 'yarki ki taho. Na ce bari in hutar da yarinyar nan sau ɗaya, ta zo ta ce Baba ya iya. Kuka kike yi?

Auta: A'a.

Baba: Kuka kike. Ina ji.

Auta: Bari in yi tambaya a wurin aiki. Akwai masu ciro bayanai daga faifan da ya lalace, wataƙila...

Baba: Auta, ni na haife ki. In za ki yi ƙarya muryarki sirancewa take. Faɗa min gaskiya, aikinki ne. Za su dawo?

Auta: Ba na jin za su dawo.

Baba: Ko na kicin ɗin?

Auta: Ko shi.

Baba: Yayanki fa? Ba shi da su?

Auta: Na karɓe na kowa na haɗa wuri ɗaya, kowa ya goge nasa don waya ta samu wuri. Ya kuma canza waya tun daga lokacin. Zan tambaye shi, zan tambayi ƙannen Mama. Hotuna za a samu, in sha Allah.

Baba: Hoto ina da shi, ga shi nan a bango yana kallona. Hoto ba ya magana. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ashe ina tsaye a kan mai shagon, ina cewa ƙara huji ɗaya a nan. Har godiya na yi masa, Auta. Na dawo gida ina murna, na yi wa kaina shayi.

Auta: Ba ka sani ba ne, Baba. Mutuncinta ka kare.

Baba: Wallahi ji nake kamar yau aka fita da ita daga gidan nan. Tun jiya nake ƙoƙarin jiyo muryar a kaina, kalmomin suna zuwa, muryar ba ta zuwa. Ina tsoron kada ta ɓace min gaba ɗaya.

Auta: Baba, zauna. Kana zaune?

Baba: Ina zaune.

Auta: Akwai ɗaya.

Baba: Ɗaya me?

Auta: Saƙon murya. Ta turo min kafin ciwon ya kwantar da ita. Yana wayata, ban taɓa sa shi a kwamfutar ba.

Baba: Don me?

Auta: Don kada ka ji. Faɗa take yi.

Baba: Da wa?

Auta: A kanka ne. Ranar da ka kwance injin wanki ka kasa mayarwa.

Baba: La ilaha illallahu. Me ta ce?

Auta: Baba, bar shi kawai.

Baba: Me ta ce, Auta?

Auta: Ta ce, ki yi wa babanki magana, mutumin nan ya ishe ni. Ba ya tambayar kowa, sai ya gama ɓata abu ya zo yana sosa ƙeya.

Baba: Haka ta ce?

Auta: Har da taurin kai ta ce. Ba ta rage maka komai ba.

Baba: Hehe... Allah sarki. Allah sarki, baiwar Allah. Ai ba ta yi ƙarya ba. Yana da tsawo?

Auta: Da ɗan tsawo. Can ƙarshe ana jin ka shigo kana cewa da wa kike magana, ta ce ina ruwanka, sai ta fashe da dariya.

Baba: Ta yi dariya?

Auta: Ta yi.

Baba: Turo min.

Auta: Bari in yanke farkon, in bar maka dariyar.

Baba: Kul! Kada ki yanke ko kalma ɗaya. Faɗan nawa ne, ki ba ni abina. Wayar ta yi ƙara, ina jin katin ne zai ƙare. Turo yanzu, kin ji?

Auta: Yanzun nan, Baba.

Baba: In ya shigo ba zan danna komai ba sai kin ce. Zan ajiye hannuna a cinya. Ke dai ki gaya min inda zan taɓa, kada in sake...

Auta: Baba? Alo, Baba?